Ziyarar Badun: Abin Da Kogin Ogunpa Ya Koya Wa Gari

Matafiyin da ya taso daga Arewa a mota, in ya baro Ilori ya ratsa Ogbomosho da Oyo, ba zai daɗe ba sai ya fara ganin alamun Ibadan, wadda Hausawa suka fi sani da Badun. Zai wuce Moniya, inda tashar sabon jirgin ƙasa na Ikko take, ya wuce harabar cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke bakin hanya, sa'an nan ya iso wajen Sasa, inda manyan motoci ke sauke albasa da tumatir da attaruhu na mutanen Arewa. Daga nan hanya sai hawa da gangara. Ko fasinjan da ke gyangyaɗi zai ji a jikinsa cewa ya shigo garin tuddai.

Wanda ke son ya ga garin gaba ɗaya sai ya hau dutsen Oke-Are, inda aka gina Hasumiyar Bower a 1936 don tunawa da Baturen mulki na farko da ya zauna a garin. Daga ƙolinta ido ba ya ganin iyakar gidaje. Ga jinkayen kwano nan birjik, tsatsa ta rine su sun yi ja, sun rufe tudu sun rufe kwari. Ga babban ɗakin taro na Mapo, wanda aka gama a 1929, yana zaune a kan nasa dutsen, can kuma ga Gidan Koko mai hawa 26, wanda aka buɗe a 1965 da arzikin manoman koko na Jihar Yamma ta wancan zamani. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma mai lura, in ya daɗe a tsaye, zai tambayi kansa: in sama ta yi ruwa a kan waɗannan jinkaye duka, ina ruwan ke zuwa?

Amsar tana can ƙasa cikin kwari. Akwai rafuka da yawa da suka keta garin, kamar Ona da Ogbere da Kudeti da Gege, amma wanda ya fi suna shi ne Ogunpa, domin shi ya ratsa ta tsakiyar gari inda jama'a suka fi cunkoso. Tsawonsa bai wuce kilomita 21 da rabi ba, ƙasar da ke zubo masa ruwa kuwa faɗinta murabba'in kilomita 73 ne da 'yan kai. Mutumin Lakwaja ko na Yawuri, wanda ya saba da Kwara, in aka nuna masa Ogunpa da rani aka ce kogi ne, dariya zai yi. Wani wurin ma yaro na iya tsallake ruwan. To, wannan ɗan rafi shi ne ya sha sanya babban birnin Yarabawa kuka.

Daga Ashi zuwa Agodi

Ogunpa ya faro ne daga wajen Ashi, a arewa maso gabashin gari. A da gonaki ne da kurmi a wannan yanki. In ruwa ya sauka, ganyaye su tare shi, ciyawa ta rage masa gudu, ƙasa ta sha rabonta, abin da ya rage ya gangara rafi sannu a hankali. Yau kuwa gidaje ne ko'ina. An rufe sama da kwano, an shafe tsakar gida da siminti, an malala kwalta a kan hanya. Ruwan da a da yakan kwana biyu kafin ya isa rafi, yanzu cikin ɗan lokaci kaɗan ya tarar da shi, kuma duk a tare.

Ba ya zuwa hannu rabbana. Hanyoyin unguwa da ba a sa musu kwalta ba jar ƙasa ce, kuma a gangare suke. Ruwa kan fara da ɗan zane kamar na sawun keke, shekara ta zagayo ya zama rami, in ba a tare shi ba ya zama kwazazzabo har ya tone gindin katangar gida. Ƙasar da ya kwasa kuwa ba ɓacewa take yi ba, rafi ake kai wa. Haka nan mai gini zai sa tifa ta juye masa yashi a bakin lambatu, ya bar shi a buɗe, ruwan dare ɗaya ya janye masa kashi mai yawa. Shi yana kukan asarar kuɗinsa, bai san ya aika wa mutanen gangare da abin da zai toshe musu kwalbati ba.

In aka bi rafin aka gangaro, za a iso Lambun Agodi, kusa da sakatariyar gwamnatin Jihar Oyo. An kafa wannan lambu a 1967, akwai kuma wani ɗan tafki a cikinsa wanda aka samu ta hanyar datse Ogunpa. Wuri ne mai inuwa da sanyi, iyaye na kawo 'ya'yansu ran hutu. Amma tafkin yana wani aiki da masu yawon buɗe ido ba su cika lura da shi ba. Duk inda ruwa ya rage gudu, a nan yake sauke lakar da ya ɗauko. Saboda haka tafki irin wannan tamkar tarko ne na laka, yana kuma riƙe ruwa na ɗan lokaci kafin ya sake shi zuwa gari. Muddin ana yashe shi, yana tsare na ƙasa. In aka bar shi ya cika da laka, ya zama kamar tulun da aka cika da ƙasa, ba ya da wurin da zai karɓi ruwa. Dajin da ke kewaye da lambun shi ma yana cikin masu gadin garin, shi ya sa a ƙarshen 2023 aka yi ta ce-ce-ku-ce sa'ad da aka shiga sare wani sashe nasa don gina rukunin gidaje.

Ranar da ruwa ya shiga gida

Dattawan Badun suna da wata kalma da ba su faɗinta da wasa, watau Omiyale, ma'anarta ruwa ya afka gida. Ogunpa ya yi ambaliya a 1960 da 1963, ya sake yi a 1978 har aka rasa rayuka. Amma wadda ta shafe su duka ita ce ta ranar Lahadi 31 ga Agusta, 1980. A wannan rana aka auna ruwan sama milimita 274, kusan inci 11 ke nan, watau wajen kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da garin kan samu a shekara guda. Rafin ya cika ya batse. Tarkacen da ya ɗauko, itatuwa da shara da kayan ɗaki, suka tokare a ƙarƙashin gadoji, kowace gada ta zama madatsa, ruwa ya rasa hanya sai ya faɗa cikin unguwanni da kasuwanni. Mutane fiye da 100 suka halaka, wasu masu ƙididdiga ma sun ce adadin ya kai ɗaruruwa, dubbai kuma suka wayi gari ba su da wurin kwana. Lambun Agodi kansa ruwan ya yi kaca-kaca da shi, bai sake samun cikakken gyara ba sai 2014.

A lokacin Cif Bola Ige ne Gwamnan Jihar Oyo, Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari kuma ya je da kansa ya ga ɓarnar. Aka yi jaje, aka tara gudummawa daga sassan ƙasar nan, aka rushe gine-ginen da suka shiga hanyar ruwa. Dokar tsarin gari ta ce a bar fili tsakanin gini da bakin rafi. A shekarar da ta biyo baya, 1981, Gwamnatin Tarayya ta kafa asusu na musamman don magance ambaliya da zaizayar ƙasa da makamantansu a duk faɗin ƙasa. Maganar da ta fi ƙarfi a Badun kuwa ita ce a faɗaɗa Ogunpa, a zurfafa shi, a daɓe shi da kankare. An daɗe ana farawa ana tsayawa, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, sai bayan komawa mulkin farar hula a 1999 ne aikin ya kankama sosai da kuɗin Tarayya.

A kan gadar kasuwa

Daga Agodi rafin ya gangara ta gefen Mokola. Nan kusa ne Sabo take, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, wadda ta bunƙasa da fataucin shanu da goro. Baƙon da ya sauka a Sabo zai ji kiran salla, ya sha shayi, ya ci tsire, ya ji Hausa kamar yana Fagge. Mutanen wannan unguwa da na Sasa, waɗanda kakannin wasunsu a nan aka haife su, ruwan da ke dukan maƙwabtansu shi ke dukansu, lambatun ƙofar gidajensu kuma cikin rafukan garin yake zubewa kamar na kowa. Maganar Ogunpa tasu ce su ma.

In aka ƙara gaba za a shiga kasuwar da ta ɗauki sunan rafin, watau kasuwar Ogunpa, daura da Dugbe da tsohuwar Gbagi, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ya iso garin a 1901. A nan ne mutum zai tsaya a kan gada ya ga aikin da aka yi. Magudana ce mai faɗi, an daɓe gindinta da gefunanta da kankare, ta miƙe ta nufi Oke-Ado da Molete, Kudeti ya haɗu da ita a kudancin tsohon gari, daga bisani su zuba cikin Ona, shi kuma ya nufi kudu har tafkin Ikko. Hikimar injiniyoyi a bayyane take. Kankare ba ya riƙe ruwa kamar ciyawa da duwatsu, ba ya kuma zaizayewa kamar ƙasa, saboda haka ruwa zai wuce da sauri ya fita gari kafin ya taru.

Sai dai wanda ya leƙa ƙasa daga kan gadar zai ga abin da bai shiga lissafin injiniyoyi ba. Abokan gaban magudana uku ne, kuma duk suna nan a zaune.

Na farko laka. Jar ƙasar nan da aka baro a Ashi da Bodija da gangaren tuddai, ga ta nan ta kwanta a kusurwoyi da gindin gadoji. In ta shekara ba a kwashe ba, ciyawa ta tsiro a kanta, saiwa ta ɗaure ta, ta zama tsibiri. Magudanar da aka auna don ta ɗauki wani adadi na ruwa, in laka ta cinye rabin zurfinta, ranar babban ruwa ba ta iya ɗaukar abin da aka gina ta dominsa.

Na biyu shara. Ledar ruwa, gorar lemo, tsummoki, tsofaffin tayoyi, ɓawon kayan miya. Al'ada ce da ta zama ruwan dare a garuruwan ƙasar nan, Kudu da Arewa, da zarar hadari ya haɗo sai a fito da kwandon shara a juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwa kuwa yana tafiya da ita, amma iyakarsa kwalbati na gaba. Gaskiya ne ba duk laifin na talaka ba ne. A tsohon garin Badun akwai unguwanni da lungunansu ko amalanke ba ta ratsawa, balle motar kwashe shara. Matar da ba a tanadar mata juji ba, rafin bayan gida shi ne jujinta. Duk dokar da za a kafa, in ba a ba ta wurin zubarwa ba, aikin banza ne.

Na uku shi ne wanda ba ya toshe hanya amma yana kashe ruwa: baƙin man da makanikai ke tsiyayewa a ƙasa, man gas da ke malala wajen masu injin wuta, ruwan rini, jini da tumbin dabbobi daga mahauta, da bayan gida. Wanda ya dubi saman ruwan da hantsi zai ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo. Mai kaɗan ne ke shimfiɗuwa a kan ruwa mai yawa, ya hana shi shan iska, kifi ya mutu. Ranar ambaliya kuwa duk wannan ƙazanta cikin ɗakuna da rijiyoyi take shiga, shi ya sa amai da gudawa kan biyo sawun ruwa.

Bayan shekara 31

Ranar Juma'a 26 ga Agusta, 2011, ana cikin goman ƙarshe na azumi, saura 'yan kwanaki salla. Hankalin ƙasa duka yana Abuja, domin a ranar ne aka kai hari ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya. Da yamma sai sama ta ɓalle a Badun. Ma'aunin IITA, cibiyar nan da matafiyi ya wuce a hanyar Oyo, ya nuna milimita 187.5 cikin 'yan sa'o'i. Ruwan bai kai na 1980 ba, amma garin ya ninka girma, ƙasar da za ta sha ruwa ta ragu, gidaje kuma sun sake komawa bakin rafuka. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙidaya mutum fiye da 100 da suka rasu.

Mafi munin ɓarnar wannan karo ta auku ne a wuraren da ke bakin Ona da sauran rafukan da ba a gyara ba, kamar Odo-Ona da Apete. Gadar Apete ta karye, mutanen unguwar suka daɗe suna shan wahalar ƙetarewa. Ruwa ya shiga Jami'ar Ibadan ya yi ta'adi, har gidan namun dajinta bai tsira ba. Madatsar Eleyele, wadda aka gina a kan Ona a 1942 don shayar da gari, ta tumbatsa, mafitar ruwanta ta lalace. Ashe gyaran rafi ɗaya bai isa ba, tun da yake ruwan gari duka jiki ɗaya ne.

Gwamnan lokacin, Abiola Ajimobi, ya nemi taimako, a 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don shirin magance ambaliya a Badun. Da wannan kuɗi aka gyara madatsar Eleyele, aka sake gina gadoji da kwalbatoci masu faɗi, aka yashe rafuka, aka zana taswirar magudanan gari da tsarin kwashe shara, aka kuma kafa na'urorin auna ruwa don gargaɗin jama'a tun da wuri. Aiki ne babba, ba mai musun haka. Amma rance yana da ranar ƙarewa, damina kuwa kowace shekara tana tafe.

Aikin da ba a yanka masa kyalle

A nan ne darasin Badun yake. Gina magudana aiki ne na 'yan shekaru, ana gamawa a kira manyan baƙi, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Kula da ita kuwa ba ya ƙarewa, ba kuma wanda ake yi wa tafi a kansa. Ga shi ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba.

Damina a Badun kan fara ne wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba. Lokacin yashe lambatu da kwalbati da tafki shi ne kafin ruwan farko, sa'an nan a zagaya a duba bayan kowane babban ruwa, domin kwalbatin da yake fes jiya, reshen itace guda na iya toshe shi yau. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi nan take. Sau nawa ake ganin matasa sun sha wahala sun tsamo laka da shara sun jibge a bakin lambatu, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan dare ya mayar da komai inda aka ciro shi? A sa raga ta ƙarfe a bakin magudana don tare tarkace, a haƙa ramin tarar laka a gabanta, a riƙa kwashewa. Inda kankare ya tsage a liƙe shi tun yana ƙarami, domin ruwa in ya samu kafa ya shiga bayan bango, sai ya rarake ƙasar da ke tokare da shi, wata rana bangon ya zube gaba ɗaya.

Laka kuwa a tushenta ake tare ta. Gangaren da aka bari tsirara a shuka masa ciyawa mai riƙe ƙasa irin su jema, wadda manoman fadama suka daɗe da sanin ƙarfin saiwarta. Mai gini ya janye yashinsa daga bakin hanya, ya kewaye shi da bulo ko buhunan ƙasa, ya rufe. Mai gida ya bar wani sashe na tsakar gidansa ba siminti, ya kuma tari ruwan indararo a tanki. Bakanike ya tara baƙin mai a duro, akwai masu saye. In mai ya zube a ƙasa, a barbaɗa masa garin katako ko yashi ya tsotse, a kwashe, kada a kora shi da ruwa zuwa lambatu. Garin katako kuwa ba ya wuya a Badun, garin masu yankan katako ne.

Tsofaffi suna tuna zamanin duba-gari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole, ma'aikacin da kan shiga gida-gida ya leƙa randa da kwata da bayan gida, wanda aka samu da ƙazanta ya biya tara. Na baya-bayan nan kuma suna tuna tsabtar gari ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali a mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari tsakanin 1984 da 1985. Kowanne ya yi amfani gwargwadon hali. Abin da suka nuna shi ne, aikin yana bukatar wanda aka ɗora wa alhakinsa da suna, da kuɗin da aka ware masa a kasafin kowace shekara, da mai unguwa da shugaban kasuwa da liman da fasto waɗanda za su riƙa tuna wa jama'a. Lambatun da aka ce na kowa ne, shi ne ba mai yashe shi.

Matafiyin da ya gama da Badun ya kama hanyar gida, ba zai rasa Ogunpa a garinsu ba, sunan ne kawai zai bambanta. Kano tana da Jakara. Gombe tana fama da kwazazzabai da suka ci gidaje. Mutanen Maiduguri ba za su manta da Satumbar 2024 ba, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye birni, haka kuma mutanen Mokwa da abin da ya same su a ƙarshen Mayun 2025. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan sama rahama ce daga Allah, shi kuma ba ya canja ɗabi'arsa, gangare yake bi. Ya rage ga mutane su bar masa hanyarsa a buɗe tun sama tana fari. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kuma ba mu damina mai albarka.